Koyar da ɗaliban jinya rubuta bayanan majinyaci a kwamfuta: daga ina ake farawa?

Malama Hadiza: Assalamu alaikum, malamai da iyayenmu na ɗakunan kwanciya, barkanmu da yamma. Ɗaliban jinya na Kaduna suna fita koyon aiki a asibitocin Barau Dikko, Yusuf Dantsoho, Gwamna Awan, wasu har Shika, sannan su je Barnawa idan zangon masu taɓin hankali ya zo. Asibitocin ƙasar nan sun fara barin folda suna komawa kwamfuta, wasu gaba ɗaya, wasu sashe-sashe, kuma manhajar wannan ba ita ce ta wancan ba. A aji kuwa har gobe takardar awon zafi da littafin tsarin jinya ake riƙe da su. Idan makaranta za ta kafa manhajar koyo, da me ya kamata ta fara, a wace shekara, kuma me za a hana ɗalibi yi a cikinta?

Sista Ladi: Wa alaikumus salam Malama. Ra'ayina a fili yake: kada ɗan aji ɗaya ya taɓa ta. Ya fara iya zana zafin jiki da bugun jijiya da hannunsa a takarda, ya ga layi yana hawa yana sauka. Kwamfuta lamba ɗaya take nuna maka a akwati, sai ka nemi jadawalin kafin ta buɗe shi, kuma yawancinsu ba sa nema. Wanda ya zana 37.2 da safe, 37.9 da azahar, 38.6 da magariba, ba sai an ce masa majinyacin nan yana hawa ba.

Injiniya Bashir: Ranki ya daɗe, ba na jayayya da ke a kan takarda, amma bari in fara share hanya ta ɓangaren kayan aiki, domin nan ne yawancin shirye-shiryen ke mutuwa. Kada a kafa manhajar koyo a kan intanet. A ajiye uwar garke ɗaya, wato babbar kwamfutar da ke riƙe manhajar da bayanai, a cikin makarantar, kwamfutocin ɗalibai su riƙa shigarta ta sadarwar cikin gida. Ba data, ba jiran sabis. Kwamfutar tebur mai ƙarfi ta isa, mai ƙwaƙwalwar aiki gigabayit 16 da ma'ajiya irin ta SSD, idan ɗalibai talatin ne za su shiga lokaci guda. Manhajar kuma akwai ta kyauta. OpenMRS tun 2004 aka fara ta, a Eldoret ta Kenya ta fara aiki. Bahmni a kanta aka gina ta domin wani asibitin karkara a Indiya, kuma ta zo haɗe da sashen gwaje-gwaje da na magani da kuɗi. Akwai kuma OpenEMR. Ga makarantar jinya na fi karkata ga Bahmni, saboda tana da tsarin ba da gado da sallama, ɗalibi zai ga majinyaci tun daga ɗakin kati har fitarsa.

Malam Yakubu: Injiniya, ka ƙara da cewa DHIS2 ba ta cikin wannan lissafi. Mutane suna haɗa su. Ita ta Jami'ar Oslo ce, kuma a nan Najeriya aikin da aka fi saninta da shi shi ne tattara alƙaluman wata-wata: mata nawa suka zo awo, yara nawa aka yi wa rigakafi. Ba nan ake rubuta cewa an ba gado na shida allurar ƙarfe biyu ba. A koya wa ɗalibi ita a darasin lafiyar al'umma, daban.

Injiniya Bashir: Haka ne Malam. Sai wuta. Kwamfutar cinya tana jan kusan wat 50, guda ashirin wat 1,000 ke nan. Uwar garke da na'urorin rarraba sadarwa a ba su wat 200. Darasin awa uku zai ci kusan kilowat-awa 3.6. Batirin bolt 12 mai amfiya-awa 200 yana ɗauke da 2.4 a lissafi, amma idan na ruwa ne rabi kawai ake sha, in ba haka ba ya mutu da wuri. Guda uku ke nan a lissafi, a sa huɗu don a samu rara, da inbata mai kilobolt-amfiya 3.5. Idan aka sayi kwamfutocin tebur a maimakon na cinya, lissafin ya ninka kusan sau uku, kuma da an ɗauke wuta duk su mutu tare da abin da ɗalibi bai adana ba. Ita uwar garken a ba ta nata ƙaramin batirin kariya daban. Rumbun bayanai ba ya son a yanke masa wuta yana tsakiyar rubutu, nan yake lalacewa. A kuma hura mata ƙura lokacin hunturu, a sama mata iska a watan Maris da Afrilu.

Hajiya Asabe: Sannu da ƙoƙari Injiniya. Ni abin da ke damuna ba wuta ba ne, majinyatan da za a zuba a ciki ne. Kada wani ya ce bari mu kwafo foldojin asibiti mu goge suna.

Malam Yakubu: Hajiya kin taɓo wurin. Goge suna ba ya ɓoye mutum. Mace mai shekara 19 daga unguwa kaza, ta haifi 'yan uku ranar kaza, ko ba suna duk layinsu sun san ta, kuma a cikin ajin akwai 'yar layin. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 a sashe na 26 ta ce bayanin majinyaci sirri ne, sashe na 29 kuma ya ɗora wa shugaban asibiti alhakin hana wanda ba shi da izini isa gare shi. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin rukunin da ake tsananta wa tsaro, kuma idan ya fita ta hanyar da za ta cutar da mai shi, awa 72 ake da su a sanar da hukumar kare bayanai. Don haka majinyatan ƙirƙira za a yi, malamai su zauna su rubuta su. Kuma a rubuta su da gangan yadda za su kama ɗalibi. A sa Aisha Muhammad guda uku a ɗaki ɗaya. A sa tagwaye Hassan da Husaini masu ranar haihuwa ɗaya da sunan uba ɗaya da lambar waya ɗaya. A sa jariri wanda ba a raɗa wa suna ba, an rubuta shi da sunan uwarsa. A sa tsofaffi biyar waɗanda ba su san ranar haihuwarsu ba, manhaja ta ba su duka 1 ga Janairu. Wannan shi ne ainihin abin da ke ɗakin kati. Ɗalibin da ya saba neman majinyaci da suna kaɗai zai rubuta a foldar wani, shi ya sa ƙa'idar ita ce abu biyu: lambar asibiti da cikakken suna, a kuma tambayi majinyacin ya faɗi sunansa da bakinsa. Kada a ce masa "kai ne Musa?", mai zazzaɓi zai ce eh ga kowane suna.

Sista Rifkatu: Ga wani abin da ke biyo bayan wannan. Idan ɗalibi ya nema bai samu ba, sai ya buɗe sabuwar folda. Muhammad, Mohammed, Muhammadu, Mamman, mutum ɗaya ya tashi da folda huɗu. Bayanin cewa penisilin yana tayar masa da borin jini yana ta farko, allurar kuma ana rubuta ta a ta huɗu. A koya musu nema sau uku kafin buɗe sabuwa: da lamba, da haruffa uku na farkon suna, da lambar waya.

Malama Hadiza: Madalla. To mu koma kan maganar Sista Ladi, domin ban gamsu gaba ɗaya ba. Idan aka bar ta sai aji biyu, ɗan aji ɗaya zai je ɗakin da ba takarda ko ɗaya, ya tsaya yana kallo. Daga nan ne ake fara cewa "Anti, ba ni kalmar sirrinki in shigar da awon."

Sista Ladi: Wannan kam gaskiya ne, kuma shi ne mafi muni. Duk abin da aka shigar da sunanki, ke kika yi shi, ko a gaban kwamitin bincike ko a gaban kotu. To na sassauto kaɗan. Zango na farko takarda zalla. Zango na biyu takarda da kwamfuta a kan majinyaci ɗaya: ya auna a jikin abokin karatunsa ko mutum-mutumin ɗakin gwaji, ya zana a takarda, sannan ya shigar, sannan ya buɗe jadawalin manhajar ya kwatanta da nasa. Amma ba zan yarda a kunna masa lissafin kai-tsaye ba sai ya ci jarrabawar lissafi da hannu.

Malam Nura: A nan ina bayanki ɗari bisa ɗari, Sista. Ga misali daga ɗakin magani. Yaro mai kilo 14, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, an rubuta artesunate ta jijiya. Ƙasa da kilo 20 miligiram 3 ne a kowane kilo, 42 ke nan. Kwalbar miligiram 60 ce, a narka ta da mililita 1 na ruwan bikabonet ɗin da ke zuwa tare da ita har ta washe, a ƙara mililita 5 na ruwan gishiri, ta zama miligiram 10 a kowane mililita. Yaron zai samu mililita 4.2, a sa'ar farko, bayan awa 12, bayan awa 24. Yanzu yatsa ya zame, aka rubuta 41 a maimakon 14. Manhaja ba ta ga yaron ba. Za ta koma ƙa'idar miligiram 2.4 ta masu kilo 20 zuwa sama, ta fitar da kusan 98, fiye da ninki biyu, kuma ta rubuta shi tsaf kamar gaskiya. Ɗalibin da ya saba lissafi zai ce yaya ɗan shekara uku zai buƙaci kwalba biyu. Wanda bai saba ba zai je ya ɗauko ta biyun.

Ɗaya ɓangaren kuma: manhajar da aka gina wa Amurka kan zo da nauyi a fam, zafi a ma'aunin Faranhait, kwanan wata kuma wata ne a gaba. Ka rubuta 14 a akwatin fam, ta mai da shi kilo 6.4, yaro ya samu miligiram 19, ƙasa da rabin haƙƙinsa. 03/04 kuma a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a wurinta 4 ga Maris. Injiniya, wannan aikinka ne kafin ɗalibi na farko ya zauna.

Injiniya Bashir: Na karɓa. Ana gyara su a saiti, kuma ana iya sa wa kowane akwati iyaka, zafin jiki ya ƙi karɓar 386 idan an manta ɗigo. Amma 41 nauyi ne da ɗan Adam ke da shi, ba za ta ƙi shi ba sai an haɗa shi da shekaru. Akwai kuma agogo, wanda ba a cika tunawa da shi ba. Uwar garken da ba ta kan intanet ba ta daidaita lokacinta da kanta. Idan ƙaramin batirin da ke kan allonta, CR2032, ya mutu, duk sanda aka kashe ta sai kwanan wata ya koma baya da shekaru. Idan kuma aka bar ta a agogon Girinwic, mu muna gabansa da awa ɗaya, allurar ƙarfe takwas za ta fito ƙarfe bakwai. A duba agogon kowace safiya kafin darasi.

Hajiya Asabe: Tunda an zo maganar lokaci, bari in kawo ta ɗakin haihuwa, domin nan ne manhaja take iya koyar da abin da takarda ba ta iyawa. Mace mai jijjiga, tsarin Pritchard. Farko giram 4 na magnesium sulphate ta jijiya a hankali, wato mililita 8 na mai ƙarfin kashi 50 a haɗa da mililita 12 na ruwan allura, sannan giram 5 a kowane ɗuwawu. Daga nan giram 5 duk bayan awa huɗu, ana sauya gefe, har awa 24 bayan haihuwa ko bayan jijjiga ta ƙarshe, duk wanda ya zo daga baya. Kafin kowace allura sai an duba abu uku: gwiwa tana harbawa idan an buga, numfashi bai gaza 16 a minti ba, fitsari bai gaza mililita 30 a awa ba cikin awa huɗun da suka wuce. Calcium gluconate giram 1 yana kusa da gado. A takarda ɗaliba tana iya sa hannu a kan allura ta bar waɗannan ukun babu komai, ko ta cike su daga baya, ba mai sani. A manhaja ana iya kulle maɓallin "an bayar" har sai an shigar da su, kuma kowane da lokacinsa.

Sista Rifkatu: Hajiya, ki yi haƙuri in ɗan ja da ke. Kulle maɓalli yana koya wa ɗaliba cike akwati, ba ya koya mata ɗaga zani ta buga gwiwa. Za ta rubuta 18, ta zaɓi "tana harbawa", ta rubuta 150, maɓalli ya buɗe. An gudu ba a tsira ba.

Hajiya Asabe: Shi ya sa ba a ɗakin kwamfuta za a yi darasin ba, 'yata. Kwamfutar za a kai ɗakin gwaji, a gefen gado. Malama ta zuba ruwa mai launi mililita 90 a jakar fitsarin mutum-mutumi, ba ta gaya wa kowa ba. Awa huɗu, 90, ƙasa da 120 ke nan, allura ta tsaya a kira likita. Wadda ta rubuta 150 ba ta durƙusa ta karanta jakar ba, kuma manhaja ta ajiye shaidar da sunanta da minti. Wannan ne amfaninta ga malami. Ba a kama ta don a kunyata ta ba, a buɗe tarihin abin da ta latsa a zauna da ita.

Sista Rifkatu: To idan haka ne na janye. Sharaɗin shi ne lambar da za ta shiga kwamfuta ta fito daga wani abu da ɗaliba ta auna, ba daga takardar da malami ya raba ba.

Dakta Aminu: Barkanku da ƙoƙari. Ina so in ƙara nauyi a kan numfashi, domin awo ne da ake yawan ƙirƙira. Kowa 20, ko 18. A ɗauki ma'aunin gargaɗi na NEWS2, wanda ƙungiyar likitocin Ingila ta fitar a 2017, ana kuma saka shi a manhajoji da yawa. Majinyaci babba: numfashi 24, maki 2. Iskar jini kashi 94, maki 1. Awon jini na sama 98, maki 2. Bugun jijiya 116, maki 2. Zafi 38.6, maki 1. Yana cikin hayyacinsa, ba a sa masa iska ba. Jimla 8, kuma daga 7 zuwa sama gaggawa ce ta a zo yanzu. Idan ɗalibi bai ƙirga ba ya rubuta 20, makin numfashi ya zama sifili, jimla ta sauko 6, launin allon ya canza, kiran ya rage zafi. Lamba ɗaya ta ƙarya ta sauya wa mutum matsayi. A sa su ƙirga minti ɗaya cur da agogo mai sandar daƙiƙa, yatsa yana kan jijiya kamar ita ake ji, domin mutum idan ya san ana kallon numfashinsa sai ya canza shi. A kuma faɗa musu ba a amfani da wannan ma'auni ga masu ciki ko 'yan ƙasa da shekara 16. Manhajar da ba a saita ba za ta lissafa wa kowa.

Malama Hadiza: Dakta, idan ma'aunin yana ta ƙara a kan kowa fa?

Dakta Aminu: Sai a daina jin sa. Gargaɗin da ya yi yawa, hannu yakan koyi rufe shi kafin ido ya karanta. A manhajar koyo a rage su zuwa kaɗan masu kisa: borin jini ga magani, allurar da ta wuce ƙima, magani ɗaya sau biyu. Wanda ya tsallake gargaɗi ya rubuta dalili da kalmominsa.

Sista Ladi: Ba wanda ya yi maganar takardar shiga da fitar ruwa, kuma nan ne nake ganin ɓarna mafi yawa. A ɗaki ana rufe lissafin awa 24 da safe, lokacin miƙa aiki. Manhaja da yawa tsakar dare suke yankewa in ba a gyara ba, sai jimlar allo da ta takarda su ƙi haɗuwa, ɗalibi ya ɗauka shi ne ya yi kuskure. Na biyu, an rataya ledar ruwa mililita 500 ƙarfe goma na dare, ɗalibi ya shigar da 500 nan take kamar ta shige jiki duka. Abin da ya shiga ake rubutawa, ba abin da aka rataya ba. Idan cannula, wato 'yar robar da ake sawa a jijiya, ta toshe ƙarfe sha ɗaya, 100 kaɗai ta tafi, allo yana nuna majinyaci ya sha 500, likita ya rage ruwa ga mutumin da yake bushewa. Kuma a yawancin ɗakunanmu ba injin tura ruwa, ɗigo ake ƙirgawa. Lita ɗaya a awa takwas, mililita 125 a awa, da igiya mai ɗigo 20 a mililita, kusan ɗigo 42 a minti. Manhaja za ta ce 125, ba za ta murɗa maka maƙogwaron igiyar ba. A duba ledar igiyar kuma, ta yara mai ɗigo 60 ce, wanda ya rikita su ya ninka ko ya rage sau uku. Kofin kunu da na shayi ma a auna su sau ɗaya a ɗakin gwaji, kowa ya san mililita nawa kofin ɗakin yake ci, a daina rubuta "kofi ɗaya".

Malam Nura: Sista, cannula ɗin ma a rubuta ranar da aka sa ta da hannun da take. Akwatin yana nan, ba a cike shi.

Malama Hadiza: Sai tsarin jinya. Hukumar jinya da ungozoma tana jarraba ɗalibi a kan matakan nan biyar, daga bincikar majinyaci har duba sakamako, kuma ganewar jinya da lafazin NANDA, ƙungiyar da ta tsara jerin sunayen matsalolin jinya, ake rubuta ta. A manhaja jerin zaɓi ne, ka latsa ya sauko. Ina tsoron ɗalibi zai zaɓi wadda ta yi kama, ya wuce.

Sista Rifkatu: Zai yi kuwa. Maganinsa a bar sunan matsalar kaɗai a jerin, amma abin da ya jawo ta da alamomin da ke nuna ta, akwati ne fanko, ya rubuta da hannunsa, kuma kowace alama ta kasance tana cikin abin da shi ya shigar a binciken farko. Idan ya ce akwai ƙarancin ruwa a jiki, a nuna min busasshen harshe ko raguwar fitsari a bayaninsa na safe. Sannan a kashe kwafa-da-liƙawa a bayanan jinya. Ta nan ne ake samun "majinyaci ya yi barci lafiya, robar fitsari tana aiki" kwana uku bayan an cire robar.

Injiniya Bashir: Ƙarin bayani kaɗan: jerin NANDA yana da haƙƙin mallaka, zuba shi gaba ɗaya cikin manhaja yana buƙatar lasisi. Makaranta ta tambaya kafin ta kwafe littafin. Kashe liƙawa kuma ana iya yi, amma ɗalibi mai wayo zai zagaye. Abin da ya fi kama shi shi ne malami ya jera bayanan kwana uku a gefe da gefe.

Malam Yakubu: Gyaran kuskure ma darasi ne mai zaman kansa. A takarda layi ɗaya ake ja a kan kuskuren yadda zai karantu, a sa hannu da lokaci, ba a goge shi da farin ruwa. A manhaja ma haka: ba a sharewa, sokewa ake yi da dalili, tsohon yana nan a ƙasa. Wanda ya ba da magani ƙarfe biyu bai samu shigarwa ba sai huɗu, ya sa lokacin bayarwa biyu, manhaja ta riƙe huɗu a matsayin lokacin rubutu, ya nuna cewa shigarwar baya ce. Idan ya bar ta a huɗu, mai karɓar aiki zai lissafa allura ta gaba daga huɗu. Abin da ba a yafewa shi ne rubuta "an bayar" kafin a bayar. Majinyaci ya yi amai, ko ya tafi hoto, ko ya ƙi, allo kuwa ya ce ya sha.

Hajiya Asabe: Da ɗaukar hoton allo da waya a tura wa aboki a WhatsApp don a tambaye shi amsa. A hana tun a kan majinyatan ƙirƙira. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Malama Hadiza: To a jarrabawar OSCE fa, wadda ɗalibi ke bin tasha-tasha yana nuna aiki a aikace, za a iya sa manhajar a matsayin tasha?

Dakta Aminu: A ta cikin gida ta makaranta, me zai hana. Amma kada saurin buga rubutu ya zama shi ne maki. Ɗalibar da ta taso da kwamfuta a gida a Unguwar Rimi da wadda ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai da ta zo daga ƙauye, ba iya jinya ne ya bambanta su a minti biyar ba. A ba kowa awanni na koyon bugu a zangon farko, abin da Sista Ladi ma ba za ta ƙi ba. Maki ya tafi ga tabbatar da majinyaci da abu biyu, daidaiton lamba da ma'auninta, lokaci, lura da abin da ya kauce, sanar da na gaba, da fita daga shafin kafin barin kujera.

Sista Ladi: Ban ƙi ba, Dakta. Amma a ƙara tasha ɗaya: ana tsakiyar aiki malami ya zare wayar uwar garke. A ga wa zai miƙa hannu ya ɗauko takardar ko-ta-kwana, wa zai tsaya yana jiran allo. Kowane ɗaki mai kwamfuta ya kamata ya ajiye kwali ɗaya: takardun awo, na magani, na shiga da fitar ruwa, na neman gwaji, da jerin magungunan kowane gado da aka buga a farkon aiki. Idan wuta ta dawo, wanda ya rubuta shi zai shigar, da lokacin da aka yi aikin, a ajiye takardar a folda, kada a yaga.

Injiniya Bashir: Wayar sadarwa za a zare, Sista, ba ta wuta ba, don Allah.

Sista Ladi: Kai ka san wadda za ka zare.

Malam Yakubu: Saura batun matsayin ɗalibi a manhajar asibiti ta gaske idan ya fita koyon aiki. Makaranta ta aika sunaye mako biyu kafin zuwansu, a buɗe wa kowa nasa sunan shiga, mai ganin ɗakin da aka tura shi kaɗai, duk abin da ya rubuta ya tsaya a matsayin jiran amincewa har ma'aikaciyar jinya mai lasisi ta duba ta sa hannu. Ranar da zango ya ƙare a rufe. Idan asibiti ba zai iya wannan ba, ɗalibi ya rubuta a takarda, mai lasisin ta shigar da kanta.

Malama Hadiza: Injiniya, majinyatan ƙirƙiran nan, idan aji ɗaya ya gama lalata su da kurakurai, yaya na gaba zai same su?

Injiniya Bashir: Bayan malamai sun gama zuba su, kafin ɗalibi ya taɓa, a ɗauki kwafin rumbun gaba ɗaya a ajiye wuri biyu, ɗaya a ma'ajiyar waje da ke kulle a ofis. Ƙarshen kowane darasi a fitar da aikin ɗalibai domin maki, sannan a mayar da kwafin asali. Matsala ɗaya ce: kwanakin za su tsufa, majinyacin da aka ba gado "jiya" zai zama ya kwana wata uku, magungunansa duk su nuna sun wuce lokaci. Sai an rubuta ɗan umarni da zai matsar da kwanakin zuwa ranar darasi duk sanda aka mayar. A kuma gwada mayarwar sau ɗaya a gaban wani malami tun kafin a buɗe zango, domin kwafin da ba a taɓa mayarwa ba, ba a san ko yana buɗuwa ba.

Hajiya Asabe: Ku tuna da na ɗakin haihuwa wajen matsar da kwanakin. Idan aka matsar da ranar ba da gado aka bar ranar ganin jinin al'ada na ƙarshe, cikin mako 34 zai wayi gari mako 47.